Inna Laraba da Agogon Likita

Kakata ta wajen uba, Inna Laraba ta Gozaki, ba ta taɓa isa ko'ina a kan lokaci ba, kuma ba nawa gare ta ba. Ƙafa ce da ita kamar ta zabuwa. Matsalar a bakinta take. Inna ba ta iya wuce ɗan Adam ba tare da ta gaishe shi ba, kuma gaisuwarta ba irin tamu ta 'yan Funtua ba ce, wadda ake jefo wa mutum daga kan babur. Tsayawa take yi cak, ta sauke ƙwaryar daddawar da ke kanta, ta tambayi kwana da gajiya da gida da yara, sannan ta gangara kan surukai da marasa lafiya da akuyar da ta ji labarin ta haihu. In ka ce lafiya lau, sai ta ce madalla, ta sake ɗauko gaisuwar ta wani gefen.

Daddawa ce sana'arta tun tana amarya, kuma duk Gozaki an san tata ta fi ta kowa ƙamshi. An kuma san cewa in miyar dare kike so, to tun da hantsi za ki aika. Kakanmu Malam Mati, Allah ya jiƙansa, yakan ce in ya aiki Laraba ɗebo wuta a maƙwabta, gara kawai ya jiƙa gari ya sha. Ita kuwa ko a jikinta. Sai ta ce zumunta a ƙafa take, wanda ke sauri ya yi gaba.

Mutum ɗaya ce tak a duniya Inna ba ta gaisarwa, ita ce Nana, maƙwabciyarta da katanga ɗaya ta raba su. Tare aka kawo su garin suna amare, tare suka yi goyo. Wata ranar kasuwar Danja, tun ina goye a baya, Inna ta hango Nana a bayan babur, ta ɗaga murya ta ce mata ina kwana. Nana ta wuce, ba ta amsa ba, ba ta ɗaga hannu ba. Daga baya aka ce wa Inna ai tiren ƙwai ne a hannun matar, ga hanya duk rami, ranta na wurin ƙwan. Inna ta ce da baki ake amsa gaisuwa, ba da ƙwai ba. Nana ta ji, ita ma ta hau dokin zuciya. Liman ya yi wa'azi a kan gaba har ya gaji. Inna ta ce masa, "Allah gafarta Malam, ni ba gaba nake ba. Na gaishe ta, jira nake ta amsa." Tun daga nan ko sunan Nana ba a ambata a gabanta.

Bara bayan kaka, gaisuwar nan ta kusa kai ta lahira. Ta hau tsani za ta ɗebo dawa a rumbu, sai aka yi sallama a ƙofar gida. A wurin Inna, amsa sallama da ƙeya rashin tarbiyya ne. Ta juyo gaba ɗaya a kan tsanin don ta fuskanci ƙofa, tsani ya yi nasa wuri, ita ma ta yi nata. Mai sallamar wani mai sayen kaji ne, kuma ɓatan gida ma ya yi. Shi ne ya ba da labari cewa tana kwance a ƙasa sai da ta tambaye shi mutan gida da kasuwa, sannan ta ce, "Bawan Allah, kira mini mutane, ƙafar nan ba tawa ba ce."

Ƙashin kwatangwalo ne ya karye. 'Yan uwa suka ce a kira mai ɗori. Babana, Alhaji Zubair, wanda shi ne ɗanta na fari, kuma dillalin masara ne a Funtua, ya ce karayar da ke can cikin jiki ba ta kara da tsumma ba ce. Ya ɗauke ta sai babban asibiti a Zariya, aka yi mata aiki, aka sa mata ƙarfe. Ma'aikaciyar da ta tura ta ɗakin tiyata ta ce har allurar barci ta ɗauke ta tana tambayar likitoci iyalansu.

Da aka sallame ta, Baba ya kawo ta gidanmu a Funtua, ni Suwaiba na zama mai jinya, tunda shagon ɗinkina a ƙofar gida yake. A nan na ga Inna ta fara lalacewa, ba daga ƙafa ba. Gidan Baba katanga ce doguwa da ƙyauren ƙarfe, babu mai wucewa, babu mai leƙowa. Ta gaishe mu da safe, ta sake gaishe mu da hantsi. Ta gaishe da maigadi har ya koma ɓuya a bayan tankin ruwa. Kullum maganarta ɗaya ce, a mayar da ita ɗakinta.

Baba ya yanke hukunci. Ya ce ba za ta koma Gozaki ta zauna ita kaɗai ba sai likita ta ce ƙafa ta dawo. In kuwa likita ba ta ce ba, to zama ya kama ta a Funtua, a sayar da awakin, ɗakin nata kuma ya zuba masara, dama wurin ajiya yake nema. Inna ba ta tanka ba, don ba ta magana da ɗan fari kai tsaye, ko sunansa ba ta faɗa. Sai da ya fita ta ja mayafi ta rufe fuska. Ban taɓa ganin kukan Inna ba sai ranar, kuma wallahi ya taɓa mini zuciya. Na tsokane ta na ce tsohuwa da kukan ɗakin ƙasa, ga ɗaki mai fanka. Ta ce, "Ke tafi can, fankar ta san sunana?"

Likitar da maganar ke hannunta ita ce Likita Adawiyya ta sashen gashin ƙashi a wani asibiti a nan Funtua, mace mai fara'a da haƙurin tsiya. Ranar farko ta yi wa Inna tambayoyi, ko tana iya wanka da kanta, ko tana sa kaya, ko tana zuwa bayi ba a riƙe ta ba. Inna ta ce, "Da wa zai yi mini, gwamna?" Duk wannan ta haye. Sai aka zo kan gwajin tafiya.

Gwajin ba wani abu ba ne mai wuya. Kujera ce a bakin baranda, sai wani jan layi da aka zana a ƙasa can gaba kaɗan. Mutum zai tashi daga kujera, ya taka zuwa layin, ya juyo, ya dawo ya zauna, likita tana duba agogon wayarta. Ta yi mana bayani cewa tsohon da ya daɗe kafin ya gama wannan, alama ce ƙafarsa ba ta yi ƙwari ba, kuma yana iya sake faɗuwa in ba kowa kusa. Wanda ya gama da wuri kuwa, hankali ya fi kwanciya a bar shi ya yi harkarsa. Magana ce mai ma'ana. Abin da likita ba ta lissafa da shi ba shi ne bencin masu jiran layi da ke jikin bangon barandar.

Ta ce, "Bismillah, Inna." Inna ta dafa abin tafiyarta na ƙarfe mai ƙafa huɗu, wanda ta sa wa suna jaki, ta miƙe. Ta yi taku kaɗan, sai ta ga wani dattijo a kan benci da hannu a naɗe. Ta tsaya.

"Malam, ina kwana? Ya jiki? Garin yaya? Ashsha! Babur ko? Kai, baburan nan. Daga ina? Malumfashi? To wane gida a Malumfashi?"

Likita ta ce, "Inna, agogo na tafiya."

Inna ta ce, "Allah ya kai shi lahiya, ɗiyata."

A haka aka gama na ranar. Likita ta ce ba komai, farko ne, a ci gaba da motsa ƙafa a gida, a dawo. Muka dage. Inna ta yi ta zagaya tsakar gida, ta ajiye jaki ta koma sanda, har na kama ta wata rana tana korar kaza ba sandar ma. Na ce shi ke nan, Gozaki ta samu.

Muka koma asibiti, sakamako ya fi na farko muni. Dalili kuwa, yanzu Inna ta san mutane. Dattijon Malumfashi yana nan, ga matar da ke kawo ɗanta mai shan inna, ga mai shara, ga mai sayar da ayaba da ke leƙowa ta taga. Kowa da labarin da aka bari a tsakiya wancan zuwan, dole a ji ƙarshensa. Duk komawar da muka yi, ƙafa na ƙara ƙwari, jama'a na ƙara yawa, agogo na ƙara tsawo. Baba ba ya shiga, a mota yake jira, abin da yake tambaya kawai shi ne, "Me agogo ya ce?" In na ce ya ƙaru, sai ya girgiza kai ya ce tsufa ba shi da magani. Na yi masa bayanin gaisuwa, ya ce in daina kare ta, so nake a rabu da jinya. Har ya aika da buhunan farko Gozaki.

Likita Adawiyya ba wawuya ba ce, ta gane inda gizo ke saƙa. Amma ta ce ba za ta ce ta auna abin da ba ta auna ba, tana so ta ga tafiyar da idonta, daga tashi har zama, ba yankewa. Ta roƙi Inna ta riƙe gaisuwar har ta zauna. Inna ta kalle ta kamar ta ce ta fita ba ɗankwali. Ta ce, "In wuce Musulmi kamar na wuce kututture? A ce ƙarfen da aka sa mini ya hau kaina?"

Sai likita ta mayar da gwajin cikin ɗaki, ta kori kowa, ni ma aka kore ni. Ta taga na leƙa. Inna ta tashi, ta yi wa likita sannu da aiki. Ta isa layi, ta juyo, ta ga likita ta sabuwar fuska, ta tambaye ta mahaifanta. Da ta dawo bakin kujera kuwa, ta ƙi zama sai da ta ce, "Na same ku lahiya?" tunda a wurinta duk wanda ya je ya dawo, daga tafiya yake. Wani zuwan na kawo shawarar a sa Baba ya riƙe agogon, tunda shi ba ta yi masa magana. Ashe na manta da ɗaya gefen kunyar. Tana ganinsa ta ja mayafi har haɓa, ta ce ba za ta yi ta kai da kawowa a gaban yaron nan kamar mai tallan goro ba. Ko tashi ba ta yi ba.

Ina cikin ɗinkin wata atamfa dabara ta faɗo mini, har na soke yatsa. Nana! In Nana na zaune a wurin, Inna ba za ta buɗe baki ba, don kada gaisuwar ta fantsama ta taɓa ta. Kuma na san kakata, gara ta mutu da Nana ta ga tana ɗingishi. Na kira ƙanen Baba, Kawu Jibril, wanda ke zaune a Gozaki, na ce ya lallaɓo mini Nana, a gaya mata zama kawai za ta yi, kada ta ce uffan. Ya ce da ya faɗa mata, cewa ta yi, "Zama ba magana? Ai shi muke yi da ita tun tuni."

Ranar gwajin na sa Baba ya tsaya a bayan taga inda Inna ba za ta gan shi ba. Kawu ya shigo da Nana yana riƙe da hannunta, na ɗauka ciwon gwiwa ne. Ya zaunar da ita a gefe, kusa da kujerar gwaji, mayafinta ya sauko har goshi. Sannan na shigo da Inna.

Ban taɓa ganin mutum ya canza haka ba. Inna ta ga Nana, bakinta ya rufe gam. Ta miƙe wuya, ta gyara ɗaurin zane, ta miƙo mini sandar ba tare da ta dube ni ba. Likita ta ce mata sannu da zuwa, Inna ta amsa da hanci. Ta zauna a kujera tana kallon bango.

"Bismillah, Inna."

Ta tashi tsam, ko hannun kujerar ba ta dafa ba. Ta taka ɗas-ɗas kamar mai zuwa karɓar gado, ta isa layi, ta juya ba tangaɗi, ta kamo hanyar dawowa. Na ga idon likita na kai da kawowa tsakanin waya da ƙafar Inna, bakinta a buɗe. Ni kuwa zuciyata har ta isa Gozaki ta fara fitar da buhunan masara. Saura taku ɗaya ta zauna, sai Nana ta ɗaga kai, ta fuskanci wajen da ƙarar takalmin ke fitowa, ta ce:

"Lahiya lau, Laraba. Ƙwai ne a hannuna."

Inna ta tsaya cak.

Na ce, "Inna, kujera! Zauna! Don Allah zauna tukuna!" Ko kallo ban ishe ta ba. An amsa mata ina kwana, kuma duk wanda ya san Inna ya san abin da ke biye.

"Ina gajiya?" in ji ta.

"Ba gajiya."

"Ya gida? Ya maigidanki Malam Baƙo?"

"Malam ai ya rasu, Laraba. Kina jin kukanmu ta katanga."

"Na ji. Na aiko da tuwo a hannun yara, na ce kada a ce ni ce."

"Na san ke ce. Wa ke da wannan daddawar?"

"To ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abucinsa... da godiya. Ke ma ya haƙurin Malam Mati?"

Haka suka kama, suna bin mamata da haihuwa da aure ɗaya bayan ɗaya, ta'aziyya da barka duk a haɗe, har da wata saniya da aka sace tun ina firamare. Inna na tsaye a kan ƙafafunta, ba sanda, ba jingina. Can ta sunkuya kaɗan ta ɗaga mayafin Nana. Idanun sun yi fari fat, yanar ido ta rufe su. Duk wannan taƙama da miƙe wuya da Inna ta yi, Nana ba ta ga ko ɗaya ba.

"Tun yaushe?"

"Ya daɗe yana zuwa. Bana ya ƙarasa. Takunki na ji, na ce wannan Laraba ce, ƙafar hagu ta ɗan fi nauyi."

Inna ta ce, "Ƙarfe ne," sai hawaye. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba, amma rabin nawa na takaici ne, don na san an gama da mu. Mutum ɗaya ce a duniya Inna ba ta gaisarwa, ga shi na kawo ta da hannuna an shirya. Babu sauran wanda zan ɗauko.

Na dubi likita na ce, "Agogon fa?"

Ta juyo mini da wayar, yana ta gudu abinsa, ta manta ma da shi. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce in don ta agogo ne, Inna ta kafa tarihin da ba mai karyawa a asibitin nan. Amma ta duba shi daidai lokacin da Inna ta tsaya a bakin kujera, kuma da sauran sarari sosai. Ta ga tashi ba dafawa, ta ga juyi ba tangaɗi, ga doguwar tsayuwa da ita kanta ta gaji da ita. Ta leƙa taga ta ce, "Alhaji, ka gani da idonka ko in sake bayani?" Baba ya share fuska da hularsa, ya ce ya gani.

Likita ta kafa sharuɗɗa. Ba hawa tsani har abada, sanda a hannu in za a fita, salla a kan kujera tukuna, kuma a riƙa dawowa ana dubawa. Ta kuma ce a wuce da Nana sashen ido a duba ta, don yanar ido aba ce da ake cirewa. Inna ta saurara, sannan ta juyo gare ni, ta ɗaga murya yadda za a ji a bayan taga, ta ce, "Suwaiba, ki ce wa babanku ya kwashe masararsa."

A mota, hanyar Gozaki, su biyun suna baya, gaisuwar ba ta ƙare ba, an dai iso kan jikoki. Da muka tsaya shan mai na juya na ce, "Inna, ke dai ba ki da dama. Taku ɗaya ya rage! Da kin zauna, sannan ki tashi ki gaisa har gobe. Kin kusa sa a cika ɗakinki da masara."

Ta harare ni. Hannunta na riƙe da na Nana.

Ta ce, "Ke yarinya ce. Ɗakin da nake wa kuka, katangar Nana ce bayansa. Ta amsa mini in wuce in zauna? To in na koma, wurin wa na koma?"